Naman da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Tuwo

Birnin Gwari,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Babangida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa motar da ta ɗauke ka daga tashar nan ta sauke ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a masaƙar da za ka kama aiki. Amin.

Na san za ka yi mamakin samun takarda a aljihun rigarka, alhali gida ɗaya muka kwana muka tashi. Kai ɗan fari ne. Shekara ashirin da biyu ban kama sunanka na yanka ba, ban zauna mun yi hira da kai ba, in ka shigo tsakar gida sai in nemi abin yi a madafa. Haka aka raine mu, ban kuma ce laifi ba ne. Amma akwai maganar da in ban gaya maka ba zan tafi da ita kabari, bakina kuwa ba zai iya ba. Ɗan rubutun da matar hedimasta ta koya mana a ajin yaƙi da jahilci, yau ya yi rana. Kwana shida ina fama da shi da hantsi, in na gama gyara babanka. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san gida. Maganar nama zan yi maka, kada ka yi dariya.

Ka san a Kusasu aka haife ni. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda muka tashi. Mu tara ne a wurin babanmu, dawa yake nomawa, nama kuwa sai Sallah ko suna. In an raba ya zo kaina, yanka ɗaya ne, sai in sa a baki in ƙi taunawa, ina tsotsa har ya zama fari. Da babanka ya fara zuwa zance, maharbi ne da ake ji da shi a dajin Kamuku, ya aiko wa gidanmu cinyar gada. Innata ta riƙe cinyar nan tana hawaye. Ranar da aka kai ni ɗaki ƙawayena cewa suke yi Hajara ta auri tukunyar nama. Na shiga gidan nan da tunani ɗaya, cewa nama shi ne daɗin duniya, shi ne daraja, wanda kake so shi kake ba. Duk abin da zan faɗa maka daga wannan tunanin ya fito.

Ba ka san babanka na lokacin ba sosai. Siriri ne kamar gora. Ya shiga daji da garin dawa da ƙuli-ƙuli a burgami, ya yi kwana uku yana tafiya, ya dawo da nama a kafaɗa bai ko yi haki ba. Yana cin nama, amma naman daji ba kitse, kuma abin da ya ci ƙafarsa ke ƙone shi.

Kuskurena na farko Ladi ce, ƙanwarka. Kana da shekara biyar ta rasu, ban sani ba ko kana tuna fuskarta. An gaya maka zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne.

Da na yaye ta, kunu nake ba ta, sai ɗan tuwo da romo. Kakarka, Allah Ya jiƙanta, ta sha gaya mini yaro in ya saba da nama ko ƙwai ɓarawo zai zama, kuma haka kowa ke faɗa a lokacin. Cinya da hanta na maigida ne da baƙinsa. Kai kaɗai nake karya wa dokar nan. Tunda ba ni da ikon in ɗauke ka ko in yi maka wasa a gaban mutane, sai in tura yanka biyu a ƙarƙashin tuwonka in rufe. Ladi kuwa ba na jin kunyarta, ina goya ta, ina yi mata waƙa, sai na ga kamar ita ta sami nata rabon.

Wata biyar da yaye gashinta ya yi ja kamar gemun masara. Ƙafafunta suka kumbura, kumatunta suka cika, har mata suna cewa yaye ya karɓe ta. Ta daina wasa, ta daina ma kuka. Sai ta zauna a ƙofar madafa tana kallon naman da muke yi wa banda a kan hayaƙi.

Ka san Saratu, maƙwabciyarmu 'yar Gayam, wadda ke zuwa coci, mai ɗaukar itace a kafaɗa. Wata rana ta shigo da ƙullin garin wake da gyaɗa, ta duba Ladi ta daɗe, ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, "Hajara, yarinyar nan yunwa ce." Na ji kamar ta mare ni. Yunwa a gidan maharbi? Na gaya mata maganganun da har yau ba na son tunawa, na ce in ta saba da yunwa a gidansu kada ta kawo mana. Tana fita na watsa wa kaji garin.

Muka yi ta turare da rubutu, wasu suka ce maita ce. Sai da fatarta ta fara saɓulewa muka kai ta asibiti. Malamar da ta duba ta tambaya ɗaya ta yi mini, me take ci. Da na faɗa, sai ta tambayi sana'ar ubanta. Na ce maharbi ne. Ta sunkuyar da kai tana rubutu. Daga baya ta ce a daka hanta a ba ta, da ƙwai, da wake. Na dawo gida da gudu na dafa hantar, amma cikin Ladi ya riga ya daina riƙe komai. Kwana uku ta yi. Ranar da aka kai ta makwancinta, cinya uku ce rataye a madafata.

To ka ji. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, kada kwanonka ya riga nasu. Jikin da ke girma shi ke bukatar nama da ƙwai da kifi, wanda ya gama girma kaɗan ya ishe shi. Mu mun juya abin, muka cusa wa babba muka hana ƙarami. Ban taɓa ganin yaron da ƙwai ya mayar ɓarawo ba, amma na binne wadda rashinsa ya kashe. Kuma in wani ya gaya maka gaskiya a kan gidanka, ko wane ne shi, ko ina yake ibada, ka haɗiye fushi ka saurara.

Da ni mai hankali ce, da na tsaya nan na yi tunani. Abin da na ɗauka daga mutuwar Ladi shi ne nama bai taɓa yin yawa, ƙarancinsa ne kawai ke kisa. Da wannan na shiga kuskure na biyu.

Bayan an sami mulkin kai motoci suka yawaita a hanyar nan, direbobi suna tsayawa cin abinci a tasha. A lokacin kuma masu tsaron gandun daji suka matsa wa maharba. Sarkin Fawa abokin babanka ne, ya ce ya zo ya ba shi wuri a tasha ya riƙa gasa balangu, tunda ya san nama. Babanka bai so ba. Ya ce shi bai iya zama ba, in ya kwana biyu bai shiga daji ba jikinsa ciwo yake yi. Ni na matsa. Na ce na gaji da zullumin ɓauna da maciji, na ce 'yan'uwansa sun waye shi yana yawo da warki. Da ya ƙi, na yi yaji na tafi Kusasu kwana goma. Ya je biko, ya dawo ya rataye bindigarsa a bango, tana nan inda ka san ta.

Daga ranar ya zama mutumin benci. Tun hantsi yana zaune gaban wuta, yana yanka yana ɗanɗanawa. Naman shanu ba irin na daji ba ne. Ga tozo, ga kitse, ga kayan ciki, a dangwala a yaji da gishiri a kai baki. Abin da ya rage a kawo gida, in ɗumama mana da safe, in zuba a miyar rana. Na daina dafa wake. Na daina kwaɗon rama da zogale, na ce abincin gidanmu na Kusasu ne, na wuce nan. Cikin shekara bakwai sau uku ana sake masa ɗinkin riguna. Wuyansa ya yi tattara. In mun je biki mata na cewa Hajara ta iya kiwon miji, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Akwai wani Arɗo da ke kawo shanu kasuwa, ya girme wa babanka da shekaru masu yawa. Shanunsa ba sa ƙirguwa, amma ba ya yankawa sai suna ko Sallah. Fura da nono ne abincinsa, sai tafiya bayan garke. Wata rana ya biyo gida gaisuwa, ya ga babanka yana ƙoƙarin tashi daga tabarma da dafa bango, ya yi dariya ya ce, "Maharbi, dajin ka haɗiye gaba ɗaya?" Duk muka yi dariya. Tsohon nan har bana na gan shi ya wuce da sandarsa, a ƙafa.

Alamu sun zo, mu ne ba mu karanta ba. Ya fara haki tsakanin gida da masallaci. Babbar yatsar ƙafarsa ta riƙa kumbura ta yi ja, ko zane ya taɓa sai ya cije leɓe. Muka ce sanyi ne, na dafa masa farfesun ƙafar saniya don ya kori sanyin.

Shawarata a nan ita ce, kada ka yarda a auna arzikinka da tumbi. An ce a Kaduna masu tsire a bakin ƙofar masaƙa suke jira, ranar albashi hayaƙi har ya rufe hanya. Za ka ga abokan aiki suna ci kullum, za su ce maka mai rowa in ka wuce. Ka bar su su faɗa. Ka ci wake, ka ci ganye, ka ci kifi in ka samu, nama ya zama baƙo a kwanonka, wanda ake marmarin zuwansa. Inda ƙafa za ta kai ka, kada ka hau mota. Kuma in ka yi aure, matarka ta matsa maka ka bar abin da jikinka ya gaya maka yana so, ka saurare ta da mutunci, amma ka tuna ni ma da kyakkyawar niyya na yi.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Kwana biyu na yi ina kewaya shi.

Kana makarantar koyon sana'a lokacin da ciwon kai ya kama shi, a ƙeya, kullum da safe. Ya yi haɓo sau biyu. Muka je asibiti ranar da likita ke zuwa daga Kaduna. Ya ɗaura masa wani abu a damtse ya hura, ya sake hurawa, sai ya ce a kira matarsa. Na shiga ina rufe fuska. Ya ce jinin babanka ya hau sosai, in ba a kiyaye ba jijiya na iya fashewa a kansa. Ya ba da ƙwayoyi, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Maganina rabi ne. Rabin yana cikin tukunyarki." Ya ce a bar kitse da kayan ciki sam, nama ɗan kaɗan sau biyu a mako, gishiri sama-sama, a koma wake da ganye, ya riƙa tafiya safe da yamma.

Ka san babanka, in ya ce ya bari ya bari. Ya miƙa wa mutanen Sarkin Fawa wurin gashin, ya koma gonarmu ta bakin rafi. Wata biyu muka bi dokar nan. Ina gaya maka gaskiya, ta yi aiki. Yatsar ta sace, ciwon kan ya ragu, har ya fara zancen ko zai leƙa Kamuku ya ga tsofaffin hanyoyinsa.

Amma ya rame. Riguna suka yi masa yawa, fatar wuyansa ta saki. Maganganu suka fara zuwa kunnena a bakin rijiya. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce Hajara ta mallake shi tana ba shi abincin awaki. Ni da aka sani da kiwon miji. In na ajiye masa kwano sai in laɓe ina kallo. Ya buɗe, ya daɗe yana duban miyar, ya yi bismilla ya ci, bai taɓa cewa uffan ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bai roƙe ni ba. Ina so ka riƙe wannan, don kada ka ɗora masa. Ni ce wata Juma'a na aika aka sayo tozo, na soya, na tura yanka uku ƙarƙashin tuwonsa yadda nake yi maka. Da hannunsa ya taɓa, ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni a ƙofar madafa, na kau da kai. Na ji yana taunawa a hankali. Da ya gama ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Daɗin da na ji a ranar, ban ji irinsa ba tun ina amarya.

Na ce sau ɗaya ne. Ya zama duk Juma'a, ya zama kwana bibbiyu, ya zama kullum. Wata takwas muna haka, ni da shi ba wanda ya taɓa ambata. Likita ya sake aunawa ya ga jinin ya koma sama, ya tambaye ni ko muna bin abin da ya ce. Na dube shi na ce muna bi. Sai ya ƙara ƙwaya.

Da Babbar Sallah ta zo ba ka samu zuwa ba saboda jarrabawa. Muka yanka rago mai kitse. Na ce ai naman layya albarka ne, ba ya cutarwa. Kwana uku ina soya masa yana ci, safe da rana da yamma. Rana ta uku ya tsuguna alwalar azahar, ina daka a gefe, sai na ji buta ta faɗi. Na waiwaya na ga yana laluben ta da hannun dama, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai kira ni, bakin ya karkace. Kafin in yar da taɓarya ya kife.

Da ka iso bayan kwana huɗu, ka tarar da gari ya gama yanke hukunci. Tsofaffin maharba suka ce iskar wata ɓauna ce da ya harbe tun yana saurayi ta biyo shi. Wasu suka ce ai ga shi nan, ya bi maganar likita sau da ƙafa, me ta hana? Har akwai wanda ya ce barin naman ne ya raunana shi. Ina zaune ina ji, ina karɓar jaje, ban buɗe baki ba. Na san mutum biyu a unguwar nan da aka ce su rage nama suka ƙi, suna kafa hujja da babanka. Wannan ma yana wuyana.

Na je wurin liman na tambaye shi a kaikaice. Ya ce cuta da lafiya na Allah ne, abin da aka rubuta ba ya kuskure. Na yarda, ban taɓa musu ba. Na kuma san akwai masu cin kitse har su tsufa ba abin da ya same su, wataƙila ko ban ba shi ba da ya faɗi. Ni ba likita ba ce. Amma na ga wata biyun da ya yi sauƙi, na ga wata takwas ɗin da suka biyo, kuma na san abin da hannuna ya zuba.

Ga abin da zan ce maka. Kada ka yi wa mai magani ƙarya, kanka kake yi wa. Kada maganar bakin rijiya ta shiga tukunyarka, waɗanda suka yi ta ba ko ɗaya da ta zo ta taya ni wankin tsumma. Tausayi kuma iri biyu ne, Babangida, akwai wanda don mara lafiya ake yi, akwai wanda mutum ke yi don ransa ya huta. Nawa na biyun ne. Ban iya jure kallon fuskarsa a kan miyar ganye ba, yanzu shekara uku ina kallon abin da ya fi wannan.

Kai ma ka gani, amma kai da rana kake shiga ka gaishe shi ka fito. Mutumin da ya saɓo cinyar gwanki daga tsakiyar Kamuku ba ya iya korar ƙuda daga fuskarsa. Bai kai sittin ba, in baƙo ya leƙa sai ya ɗauka kakanka ne. Mijin Saratu ya girme shi, jiya na hango shi yana huɗar doya. Saratu ɗin ce ke shigowa safe da yamma ta kama mini mu juya shi, don bayansa ya fara gyambo. Shekara goma sha bakwai ke nan da maganar garin wake, ko sau ɗaya ba ta tayar ba. Ni ma ban iya ba ta haƙuri ba. In ta tafi sai in zauna in rasa inda zan sa kaina.

Yanzu ina bin dokar likita ba ragi, yanzu da ba abin da za ta dawo da shi. In iska ta kaɗo ƙamshin gashi daga tasha da la'asar, sai ya fara wani gurnani, yana bin ƙofa da ido, hawaye na gangarowa ta gefen da ya mutu. In zo da faten wake, ya datse baki. In yi ta lallashi har ya huce. Na ba shi na cuce shi, na hana shi ina cutarsa, ban ga inda zan tsaya ba.

Ni ma abin bai bar ni ba, don tare muka ci. Gwiwoyina sun ƙi, a zaune nake salla tun bara. Ciwon nan na ƙeya ya fara gaishe ni da safe, na kuwa san muryarsa. An auna ni, an ce jinina ya hau. Ba don ka dawo nake gaya maka ba, kada ka kuskura ka bar aikinka. Ina dai tunanin ranar da za a wayi gari mu biyu a kwance, Saratu ita kaɗai.

Saura kai. Kai ne kuskurena da bai gama faɗuwa ba, shi ya sa ya fi hana ni sukuni. Ni na koya wa harshenka abin da ya sani. Tun kana ƙarami ba ka fara cin tuwo sai ka tona ƙasansa. Makon jiya na zuba maka faten wake irin na babanka, ina kallonka ta taga, ka juya cokali sau biyu ka ture, ka sa takalmi ka nufi tasha. Da ka juya baya na ga wuyanka. Nasa ne sak, na shekarar da ya fara zama a benci.

Na san yadda za ka karanta takardar nan. Za ka ji tausayina, wataƙila ka yi hawaye, ka ninke ta ka sa a ƙasan akwati. Mako biyu za ka kiyaye. Mai shekara ashirin da biyu bai yarda akwai hamsin ba, ni ma ban yarda ba. Wannan cuta ba ta zuwa da gudu balle a kauce mata, loma-loma take shiga, kowace loma kuwa mai daɗi ce, sai ranar da buta ta faɗi. Ba ni da ƙarfin hana ka, ba ni ma da bakin, tunda ni na fara. Abin da na roƙa kaɗan ne. Ka je asibitin masaƙa a auna jininka ko ba ka jin komai, ka riƙa komawa. In an ce ya hau, ka yi abin da aka ce. In ka ga kitse a faranti, ka tuna ɗakin babanka da warinsa, ba ƙamshin tasha ba. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kai naka wanen ubanka ne.

In ka ga dama ka yafe mini abin da na yi masa da abin da na yi wa Ladi. In ba za ka iya ba yanzu, ba zan ga laifinka ba. In ka zo hutu kada ka tayar da maganar, ba zan iya haɗa ido da kai ba. Ka gaishe ni yadda ka saba, zan gane.

Abu na ƙarshe, shi ya fi ba ni kunya. A ƙasan akwatinka, cikin tsohon zanena, akwai gwangwani. Dambun nama ne. Jiya na yi shi, bayan na rubuta duk abin da ka karanta a sama. Na aika aka sayo, na dafa, na daka, na soya, ina yi ina zagin kaina. Sau biyu na ciro shi daga akwatin, sau biyu na mayar. Na rasa yadda ɗana zai bar gida zuwa wani gari hannu wofi, kuma ban san wani abin da uwa ke bayarwa ba. Ka raba wa waɗanda za ku zauna ɗaki ɗaya, ka ɗebi kaɗan. In kuwa ka cinye kai kaɗai, kada ka gaya mini.

Allah Ya kiyaye ka a inda idona ba ya kaiwa. Ya tsare hannunka daga injin, Ya tsare ƙafarka daga mugun wuri, Ya ba ka lafiyar da za ta raka ka har tsufa, ka tsufa a tsaye. Allah Ya ba babanka sauƙi ta inda Ya fi sani, Ya jiƙan Ladi. Na gaya wa babanka za ka tafi, ya daɗe yana kallon ƙofa. Saratu tana gaishe ka.

Ka huta lafiya.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajara.